Enfis, Sunan da Aka Hana Ni Kira

Litinin, 5 ga Yuli 1954, bayan azahar. Wurno.

Sun tafi da ita. Habi, ƙanwar maigidana, ce ta goya ta, shi Malam ya raka su har bakin gari inda masu jakai ke jira. Ni kuwa ina tsakar gida ina tankaɗe, don haka aka ce uwar ɗan fari take yi ran yaye, ta nemi abin yi ta ba ƙofa baya. Na tankaɗe garin, na mayar da shi rariya na sake. Yau kowa zai ci tuwo mai laushi.

Wannan littafin na shirya darasi ne, na ajin 'yan matan da nake koyarwa. Na juya shi ta baya. Ba ni da wanda zan gaya wa, ko da akwai ma bakina ba zai iya ba. Takarda dai ba surukata ba ce, ba na jin kunyarta.

Enfis. Ga shi na rubuta, kuma babu abin da ya faru.

Talata, 6 ga Yuli, da safe

Ba a yi ruwa ba.

Laraba, 7 ga Yuli, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda abin ya faro, ko zuciyata ta rage tafasa.

Sunan yankanta sunan Inna ne, uwar Malam, wadda ke Taloka. Ga ta ɗiyar fari, ga ta takwarar suruka. Wannan suna ko da wuƙa a wuyana ba zai fito daga bakina ba, dole a nemi wanda za a riƙa kira. Aka kawo Uwani, aka kawo Nana, aka kawo Mama. Kowanne na ɗaga sai in tarar da mai shi a cikin dangi, wata gwaggo ko wata yaya da nake sunkuyar wa da kai. Ni kuwa abu guda nake so a gidan nan wanda zan faɗa ba tare da na duba wa ke tsaye ba.

Lokacin da nake makarantar mata a Sakkwato akwai Baturiyar da ke koya mana ɗinki da tsabta, Mis Mogan. Gajeriya ce, fuska ja kamar tattasai, in kana son ganin fushinta ka ce da ita Ba'ingilishiya. Ta ce ita mutuniyar Wales ce, ƙasar duwatsu da tumaki a gefen Ingila, suna da harshensu daban wanda su kansu Ingilishi ba sa ji. Mukan ce ashe Turawa ma suna da Fulaninsu.

Wata rana da damina, an ɗauke ruwa ke nan, bakan gizo ya fito ta gabas. Muka watse ɗaki ana ta cewa kada a nuna da yatsa, masha-ruwa ya fito. Ita kuwa ta tsaya tsakiyar fili da allura a hannu tana kallo kamar ta ga ɗan garinsu. Ta ce a harshensu enfis ake ce masa, kuma suna sa wa 'ya'ya mata. Har ta rubuta mana a allo da baƙaƙensu, Enfys. Ta ce a ƙasarsu ruwa ba ya jin bari, sai ya yi kwana da kwanaki yana zuba, tumaki su jiƙe, bango ya yi gansakuka, mutane su manta kamannin rana. In suka ga bakan sun san an sassauta musu. Don haka yarinyar da aka sa wa sunan, ana nufin ita ce sauƙin da aka daɗe ana jira.

Na sha wuya wajen haihuwarta, har ungozoma ta fara yi wa mata ido. Da aka ɗora mani ita sai sunan ya faɗo mani. Ba na kowa ba ne, daga Wurno har Gobir babu gwaggon da ke amsa shi. Malam ya yi dariya ya ce 'yan boko dai ba ku rabuwa da ƙari. Maƙwabta suka ɗauka, bakinsu ya mayar da shi Anhisa, suna zaton daga wani littafin Larabci na ciro shi. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Bana aka yi shuka, gero ya fito ya kai idon sawu, ruwa ya ɗauke. Habi, ƙanwar Malam, ta zo mana kwana biyu. Ran nan hadari ya haɗu baƙi ƙirin har mun kwashe shanya, sai iska ta watsa shi, bakan ya miƙe daga kan gulbi. Yarinyar tana tsakar gida ta ɗaga hannu tana nunawa. Ni da ba na iya ajiye abin da na sani a ciki, na ce, "Ga takwaranki nan."

Habi ta ce, "Mi kic ce?"

Na yi mata bayani, da tumakin da duwatsun da komai, ina jin daɗin kaina.

Ta ce, "Watau masha-ruwa kika kira cikin gida sahe da marece? Kuma da sunan ga aka kiran takwarar Inna?"

Ba a daɗe da komawarta ba saƙon Inna ya iso. A kawo mata ɗiya ta yaye ta yanzu, ba sai an yi girbi ba kamar yadda aka shirya. Kuma daga ranar Uwani ne sunanta, kada ta ƙara jin wancan a bakin kowa. Na dubi Malam. Ya ce, "Inna ta hwaɗi, mi za ni cewa? Ki yi haƙuri, kwana nawa na."

Juma'a, 9 ga Yuli, da hantsi

Ƙirjina ya cika ya yi tauri, ko hannu ba na iya ɗagawa. Ina tsaye gaban allo sai na ji riga ta jiƙe. Na ja mayafi na rufe, na ce da 'yan matan su maimaita jadawali har in dawo. Tsohuwa Fatsuma ta maƙwabta ta ɗaure mani ƙirji da tsohon zane, ta ba ni wani jiƙo mai ɗaci ta ce in sha safe da yamma, zai ƙafe. Na sha. Ciwon nan ya ishe ni.

Lahadi, 11 ga Yuli, bayan asuba

Na farka na kai hannu gefen gado.

Ba a yi ruwa ba.

Talata, 13 ga Yuli, bayan azahar

Darasin tsabta na yau, kamar yadda na tsara shi tun farkon zango da hannuna, shi ne yaye. A yi shi sannu a hankali, kada a raba yaro da nono rana ɗaya, a tafasa ruwan da za a ba shi. Maganar Mis Mogan ce na kwafo tsaf, har da jan layi. Na duba, na rufe, na ce yau ɗinkin maɓalli za mu yi.

Mutanen Taloka ba su san yarinyar ba ta buɗe baki sai an kira ta ba. Ni na ɓata ta, na sani. A gaban mutane ko kallonta ba na yi, in ta faɗi sai wata ta ɗaga ta, an ce haka uwar kirki take. Amma in na saki labule, kowane ludayin kunu sai na ja sunan, in ja shi da tsawo kamar mai kiran akuya, ta ƙyalƙyale, in zuba kunun cikin dariyar. Haka ta saba ci tun da ta fara ci. Wa zan gaya wa wannan? In ce ni uwar ɗiyar fari ina shiga ɗaki ina yi mata wasa?

Alhamis, 15 ga Yuli, da yamma

Wasu daga Taloka sun wuce ta ƙofar gida. Ban tambaya ba.

Juma'a, 16 ga Yuli, bayan masallaci

An fita roƙon ruwa. Maza sun tafi filin idi da safe, tsofaffin mata kuma suka sa riguna da hulunan mazansu suna zaga gari suna waƙa. Da na ga haka ina yarinya, dariya nake yi har in faɗi. Yau da suka iso ƙofarmu sun daɗe fiye da yadda suka yi a sauran gidaje. Na aika musu da gero a ƙwarya, suka karɓa.

Ashe labari ya gama gari. Wata ta cire 'yarta daga ajina, wai aikin gona. Wace gona? Geron ya naɗe ganye, kowa yana zaune yana kallon gabas.

Ni fa ban yarda ba. Na karanta yadda bakan yake fitowa, hasken rana ne cikin ɗigon ruwa, ba shi da baki balle ciki. Amma jiya hadari ya taso ya watse, sai na kama kaina ina duban sama ina cewa, don Allah kada ka fito.

Lahadi, 18 ga Yuli

Ba a yi ruwa ba. Ban tambaya ba.

Litinin, 19 ga Yuli, bayan la'asar

Lauwali mai albasa, ɗan baffan Malam, ya dawo daga cin kasuwar Goronyo ya biyo ta Taloka. Ya sauka zaure. Na ɗauki tsintsiya na share bayan zauren nan da babu ko tsinke a kansa.

Sun yi maganar gero. Sun yi maganar jakin Lauwali da ya gurɗe ƙafa, sun daɗe a kan jakin nan. Sun yi maganar haraji. Lauwali yana sa takalmi ya ce, "Mutanen gida duk lahiya, sai dai baƙuwa ba ta son cimaka. Cikinta ma ya ɗan ɓaci."

Malam ya ce, "Ai haka yaye shike. Ta saba."

Shi ma ɗiyar fari ce gare shi, shi ma ba shi da bakin tambaya. Amma ni na san muryarsa. Da ya shigo na kai masa ruwa, ya riƙe ƙwaryar bai sha ba.

Talata, 20 ga Yuli, da safe

Na ce, "Malam, ko a aika wa Inna cewa ba a son kunu da zafi."

Ya ce, "Inna ta yaye mu duka, ke za ki koya mata kunu?"

Ba kunun nake nufi ba, shi ma ya sani.

Laraba, 21 ga Yuli, da hantsi

An tura Malam Rabah aikinsa na allurar shanu, sai wani mako. Yana ɗaura kaya bayan keke na tsaya bakin ƙofar ɗaki na zubar da kunyar gaba ɗaya. Na ce, "Ba ta ci sai an kira ta."

Ya ce, "Ana kiranta."

Na ce, "Da sunanta."

Ya ci gaba da ɗaurin igiya. Can ya ce, "Kina so in tahi in ce ma uwata ta kira masha-ruwa cikin gidanta, gero na mutuwa? In na dawo mu gani." Ya fita. Ban yi masa Allah ya kiyaye ba, abin yana damuna, amma ban yi ba.

Juma'a, 23 ga Yuli, da yamma

Yau haushin kowa nake ji. Haushin Habi da bakinta mai yoyo. Haushin Inna, wadda ko Turawan ba ta taɓa gani ba sai daga nesa amma ta san abin da ke cikin harshensu. Haushin Mis Mogan, da ta tsaya tana yi mana labarin ƙasar da ake gajiya da ruwa. A ce wai akwai inda mutum zai ga ruwa ya ɗauke ya yi murna. Ta faɗa wa 'ya'yan manoma wannan, ta ɗauki akwatinta ta koma garinsu, ta bar ni da shi.

Sannan haushin kaina, da na ɗauko abin wata ƙasa na aza wa yarinya saboda kawai ina son abin da zan kira nawa.

A'a. Ban yi nadama ba. Suna ne mai kyau, kuma ya dace da ita. Duk wanda ya ga yadda take juyowa in an kira ta ya san nata ne.

Ina kewarta. Ina kewarta har cikin ƙashina. Ga shi na faɗa.

Asabar, 24 ga Yuli, da safe

Na kwance ɗaurin ƙirji. Babu komai, ya ƙafe ƙaf. Fatsuma ta ce na yi sa'a, wasu sai su yi wata suna fama. Na yi mata godiya.

Litinin, 26 ga Yuli, bayan azahar

Habi ta zo. Ita kaɗai, ba goyo, ƙafafunta fari fat da ƙura. Na ba ta ruwa, na tambaye ta Inna, na tambaye ta gona, na tambaye ta har tsohuwar akuyarsu. Ita da ke shigowa da tsokana tun daga zaure, yau idonta yana kan tabarma.

Ta ce, "Matar Yaya, aiko ni anka yi."

Na ce ina ji.

"Inna tac ce ki koya man yadda aka hwaɗinai."

"Faɗin me?"

"Sunan ga. Ƙaƙa kika jan shi. Inna ta gwada, tun shekaranjiya taka gwadawa, in ta kore mu waje muna jin ta. Anhisa, Anhisa. Ba ta waiwaya. Inna tac ce wataƙila ba haka aka hwaɗi ba."

Na zauna ina kallon bakin Habi. Inna, da ta ce kada ta ƙara jin sunan a bakin kowa. Me ta gani da ya sa ta rufe ɗaki tana gwada shi?

Na ce, "Ba ya koyuwa."

Habi ta fashe da kuka. Ta ce, "To ki taho. Inna tac ce in kin ce haka, izinin Yaya bisa wuyanta."

Gobe da asuba za mu tafi. An aika wa Malam a Rabah. Na sa wannan littafin cikin ƙunshin zane, ban san dalili ba.

Talata, 27 ga Yuli, bayan la'asar. Taloka.

Ina rubutu a bayan rumbu.

Hanya duk gero ne a kwance, fari-fari, ba wanda ke cikin gona. Mun iso rana ta take. Gidan cike da mata, Inna tana zaune ƙofar ɗakinta da abu a kan cinya cikin zane. Na durƙusa nesa na gaishe ta. Na gaida kowa bi da bi, ina gajiya, ina ƙura, ina jiran ruwa. Na amsa duka. Idona yana kan ƙafar Inna, ban ɗaga shi ba, don duk matan nan ni suke kallo su ga ko 'yar makaranta ta san kunya. Daga inda nake ina ganin hannu ɗaya ya leƙo daga zanen. Warwaron da na sa mata, wanda yake matse ta har na yi niyyar cirewa, ya zame ya sauko har kan yatsu.

Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta kwantar da ita, ta fito da tulu. Ta ce, "Za ni gulbi ɗibar ruwa. Ku tashi ku raka ni, ku duka."

Wata ta ce, "Inna, randa cike take."

Inna ta dube ta kawai. Suka tashi. Matar da rabonta da ɗaukar tulu tun kafin a yi aurena. Ta zo wucewa ta gefena ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Sahwara'u, gulbi da nisa. Za mu daɗe."

Ba ta taɓa kiran sunana ba, kullum Malama, da ɗan gatse a ciki.

Na shiga. Ba zan rubuta yadda na gan ta ba.

Na durƙusa na kira ta. Na sake, na ja sunan yadda nake ja. Ta buɗe ido. Ta daɗe tana nema, sannan ta same ni. Ba ta yi dariya ba, ba ta da ƙarfin, amma bakinta ya yi alama. Na ɗauke ta, kamar na ɗauki zanen kawai.

Sai ta sa hannu cikin rigata.

Na ba ta. Ta kama, ta ja, ta ja. Ta saki ta dube ni. Na juya ta ɗayan. Ta ja, ta saki, ta sake dubana. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi.

Fatsuma ta ce na yi sa'a.

Laraba, 28 ga Yuli, da hantsi

Ta sha kunu, kaɗan. Na tafasa ruwan da kaina. Kowane ludayi na kira ta, a gaban Inna, a gaban Habi, ban damu ba, ba wadda ta ɗaga kai. Inna tana gefe bakinta yana motsi, tana bin yadda nake ja.

Ina ganin ta ɗan yi dama. Habi ma ta ce haka.

Laraba, da yamma

Kunun bai zauna ba.

Alhamis, 29 ga Yuli, bayan azahar

Malam ya iso a keke, rigarsa sharkaf da gumi. Ya tsaya bakin ƙofa ya gaida uwarsa, ya tambayi gona. Inna ta ce, "Mainasara, bar gona, shigo." Ya shigo ya tsuguna. Tun da aka haife ta ban taɓa ganin ya taɓa ta a gaban mutane ba. Ya ɗora yatsa ɗaya kan tafin ƙafarta.

Ya ce asibitin Sakkwato. Mota sai ran kasuwa, kuma sai an kai ta Goronyo tukuna. Ya ce to a kan jaki. Inna ta ɗaga zanen ta nuna masa, bai sake maganar jaki ba.

Ina matsa nonon ko ɗigo zai fito. Na sha kunun kanwa har ina jin amai. Wata tsohuwa ta ce in an dage yana dawowa, amma sai an ba shi kwanaki.

Juma'a, 30 ga Yuli, da hantsi

Malam ne ya ɗauke ta a hannu, cikin ɗan farin ƙyalle. Ba a nemi makara ba. Mazan ba su daɗe ba suka dawo.

Juma'a, bayan la'asar

An yi ruwa.

Asabar, 31 ga Yuli, da safe

Ya kwana yana zuba, har yanzu bai ɗauke ba. Ta bayan katanga ina jin yara suna tsalle cikin taɓo, maza suna kiran juna a fita gona. Ba laifinsu ba ne. Geron zai tashi, an ce yawancinsa zai tashi.

Mata suna zuwa gaisuwa. Inna suke yi wa, ita ce ta yi rashin takwara. Ni kuma in sun juyo sai su ce, "Malama, Allah shi ba da mai zama," in ce amin, in miƙa musu goro. Idona a bushe. Na ji wata tana yabona, wai ashe boko bai cinye mani kunya ba.

Lahadi, 1 ga Agusta, bayan azahar

An yi sadaka. Ina rabon waina sai wata mata daga ƙarshen gari, ban san sunanta ba, ta ce da ta kusa da ita, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Ikon Allah. Tana tahiya ruwa sunka zaka."

Na ci gaba da rabo, na zo kanta na sa mata nata. Inna ce ta tashi, ta ɗauki takalman matar ta kai su har zaure ta ajiye, ta dawo ta zauna. Matar ta bi takalmanta.

Abin da ba zan gaya wa kowa ba, kafin matar nan ta faɗa, ni na riga ta tunawa. Tun ran Juma'a, da ɗigon farko ya faɗi kan rufin ɗaki. Na san ƙarya ne. Na sani sarai, da karatuna da komai. Amma ya shigo ya zauna, kuma ya ƙi fita.

Talata, 3 ga Agusta, da hantsi

Gobe za mu koma Wurno. Kowa ya tafi gona, gidan ya rage daga ni sai Inna. Ina wanke tukwane ta kira ni ɗakinta. Tana zaune bakin gado da ɗan ludayin a hannu, ta tsufa cikin kwanakin nan, wuyanta duk ya zube.

Ta ce, "Zamna." Na zauna ƙasa.

Ta ce, "Sunan ga. Can ƙasarsu, wa ad da shi? Ko dai hwaɗi ta kawai Baturiyar ta yi muku?"

Na ce akwai mai shi, Inna. Ƙanwar Baturiyar ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Hotonta yana kan teburinta, mun sha gani in mun je shara. An haife ta ne bayan wani ruwa da ya daɗe yana yi musu ɓarna, ubansu ya fita duba tumaki ya ga bakan, ya dawo ya ce ga sunan.

Inna ta ce, "Ta girma?"

Na ce ta girma.

"Har ta yi aure?"

Na ce har ta yi aure. Wata ƙatuwar mata ce mai dariya, tana tsaye ƙofar gidan dutse, yara sun kewaye ta, ɗaya a hannu.

"Kuma suna samun ruwa?"

Na ce suna samu, Inna, har ya yi musu yawa.

Ta daɗe tana juya ludayin. Can ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba, "Ashe ana girma da shi."

Sai ta kifa fuska cikin zane. Ban taɓa jin tsohuwa ta yi irin wannan kukan ba, kafaɗunta suna rawa, tana kiran sunan a ciki, yanzu kuma ta iya shi, tana ja daidai yadda nake ja. Ita kaka ce, tana da izini.

Na matsa na riƙe mata ƙafa. Ni ce na ce ta yi haƙuri.